Yaran da ke wasa a gindin badala

A farkon zangon karatun da ya wuce na tambayi ɗalibaina na aji ɗaya a ƙaramar sakandare ko wane ne ya gina badalar da suke ratsawa kowace safiya kafin su iso makaranta. Ajin yana da yara fiye da tamanin, kuma kusan dukkansu a cikin birnin Kano aka yanke musu cibiya, amma sai da aka yi jim kafin wani ya ɗaga hannu ya ce gwamnati ce. Wani ya ce Turawa ne. Wata yarinya daga can baya ta ce ita a ganinta ba gini ba ne, tudu ne kawai da Allah ya halitta, wanda akuyoyi ke hawa su sha iska. Yara suka fashe da dariya, ni kuwa ban yi ba, domin amsar tata ta fi sauran gaskiya: abin da idonta ya nuna mata ke nan, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa ya gaya mata wani abu daban.

Ganuwar nan an fara ta ne a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa da ya hau gadon sarauta a 1463, sannan aka ƙara mata fāɗi a ƙarni na 17. Sunayen sarakuna ne suka shiga littafi, amma ƙasar da aka yi ginin da ita a kan kawunan talakawa aka ɗauko ta, su suka kwaɓa, su suka ɗora, kuma ramukan da suka haƙa su ne suka zama wasu daga cikin kududdufan da ke zagaye da ita. Tun 2007 Najeriya ta sanya ganuwar da wuraren da ke tare da ita a cikin jerin waɗanda take neman UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Jikokin waɗanda suka ɗauki ƙasar nan su ne yau suke buga ƙwallo a gindinta, wasunsu ma suna taya iyayensu ɗibar jar ƙasarta domin yaɓen gida, ba don mugunta ba, sai don ba su san abin da suke rushewa ba. Wannan shi ne abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk abin da ake kawo baƙi su gani a Kano, daga marinar Ƙofar Mata zuwa kayan dukanci na kasuwar Kurmi, aikin hannun masu ƙaramin ƙarfi ne, amma 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfin su ne na ƙarshe da ake tunawa da su idan za a koyar da tarihin waɗannan abubuwa.

Duk wanda ya saba bi ta wajen Gidan Makama, gidan tarihin da ke cikin birnin Kano, a ranakun aiki ya san motocin makarantun kuɗi da ke fakawa a bakin ƙofa, yara su fito a jere da kayan makaranta gogaggu, kowa da gorar ruwansa da littafin rubutu. Ba na jin haushin waɗannan yara ko kaɗan, haƙƙinsu ne su san garinsu. Abin da nake lura da shi shi ne waɗanda ke tsaye a gefe suna kallonsu: yarinya mai tallar gyaɗa, da almajiri riƙe da robarsa, da yaron da ke tura baro. Waɗannan sun fi waɗanda ke cikin motar kusa da gidan nesa ba kusa ba, wasunsu a unguwar suke kwana, amma ba su taɓa tsallaka dokin ƙofar ba. Da farko na ɗauka kuɗin shiga ne ke hana su. Daga baya na gane cewa kuɗin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin shingayen da ke gabansu. Yaron da bai karya kumallo ba ba ya tunanin sulke da lifidi. Yarinyar da za ta koma gida da cinikin talla ba ta da sa'a biyu na banza. Wanda rigarsa ta yage kuwa ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa wurin ba na irinsa ba ne, tun kafin mai gadi ya buɗe baki. Ga kuma batun harshe, domin a yawancin gidajen tarihin da na shiga a ƙasar nan bayanin da ake liƙawa a jikin kaya da Turanci ne, alhali yaron da nake magana a kansa ajami da Larabcin allo ya iya karantawa.

Makaranta ce ya kamata ta cike wannan giɓi, sai dai ita ma da nata ciwon. Tun wajen 2009 aka cire darasin Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan abin da ya rage a cikin darasin zamantakewa, sai a watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi tare da shirin horar da malamai 3,700, wato ɗari daga kowace jiha da Abuja. Malamai ɗari a jiha irin Kano kamar ɗigon ruwa ne a rairayi. Darasin al'adu da fasaha kuwa yana nan a jadawali, amma a makarantun gwamnati irin wadda nake koyarwa da alli kawai ake koyar da shi. Na taɓa ganin an rubuta wa yara matakan rini a allon bango, sun kwafe, sun haddace, sun ci jarrabawa, ba tare da ɗayansu ya taɓa jin warin baba ba, alhali daga ajin zuwa karofi tafiyar ƙafa ce. Ba na ɗora wa malamin laifi, domin ba a ba shi ko kwalin fenti ɗaya ba, kuma fitar da yara tamanin daga makaranta yana buƙatar izini da rakiya da ba ya samu.

Bayan wancan darasi na badala sai na yanke shawarar gwada abin da ƙarfina zai iya. Ban fara da ɗalibaina ba, na fara da almajiran wata tsangaya da ke bayan gidanmu, waɗanda nake koya wa lissafi da karatun boko da daddare sau biyu a mako. Na zaɓi ranar Alhamis, tunda ita ce ranar hutun makarantar allo, ranar wanki da neman ɗan abin sabulu. Da na je wurin Alaramma na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Malam, me ke cikin gidan nan? Na ji an ce gumaka ake ajiyewa a irin waɗannan wurare." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, abin da ke ciki kayan kakanninmu ne: ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da alluna da rubuce-rubucen malamai. In Malam ya yarda, a haɗa ni da gardi ɗaya ya gani da idonsa, ya dawo ya ba da labari." Ya amince da yara goma sha biyu da gardi ɗaya, da sharaɗin su dawo kafin azahar. Na sayi ƙosai da koko na kowa kafin mu tashi, kuma har yau ina ganin wannan ne kuɗin da ya fi amfani a cikin duk abin da na kashe ranar.

A ƙafa muka tafi. Gidan Makama yana kusa da Gidan Rumfa, ginin ƙasa ne da ake danganta asalinsa da ƙarni na 15, kuma yanzu yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Da muka shiga zauren farko, yaran da ko a masallaci sai an tsawatar musu suka yi tsit. Sanyin ɗakin ne ya fara ba su mamaki, har wani ya ɗaga kai yana neman fanka, sai ya ga azara da bakan gizo kawai. Ma'aikacin da ya zagaya da mu ya yi musu bayani da Hausa, ya nuna musu manyan ƙyamaren da a da ake rufe ƙofofin gari da su idan dare ya yi, ya ba su labarin yadda sojojin Ingila suka shigo Kano a watan Fabrairu na 1903 lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato. Tambayoyin da yaran suka yi sun fi na manya da yawa kaifi. Ɗaya ya tambaya wa ke ɗaga ƙyauren nan da nauyinsa, wani ya tambaya idan an rufe ƙofa wanda ya makara a waje ina yake kwana, tambayar da na san daga ina ta fito masa.

A sashen karatun allo ne abin da ba zan manta ba ya faru. Akwai wani yaro a cikinsu, bai wuce shekara goma sha huɗu ba, ɗan wani ƙauye a Jigawa, mai yawan shiru. Ya tsaya a gaban wani allo mai zayyana ya ƙi matsawa, har sai da sauran suka wuce. Na dawo na ce, "Kai, ɗana, an bar ka a baya." Bai waiwayo ba ya ce, "Malam, ai irin wannan muke yi. Me ya sa aka ajiye shi a nan?" Na ce saboda abu ne mai daraja, mutane suna zuwa daga ƙasashe su kalle shi. Ya sake duban allon, ya nuna wata kusurwa da yatsa ba tare da ya taɓa ba, ya ce wanda ya yi shi gwani ne, domin ya raba gidajen daidai wa daida ba tare da ya bar alamar awo ba, amma jar tawadarsa ta yi ruwa. Sannan ya yi mini bayanin yadda ake fere alƙalamin gamba daban don layi daban don cike, da yadda ake haɗa tawada da gawayi da ƙaro, da yadda ake fara zayyana daga tsakiya a fita gefe. Ni da na kawo shi don in koyar da shi, sai na koma ɗalibi, ina sauraron abin da ban taɓa ji ba a duk shekarun da na yi a kwaleji.

Tun daga ranar na daina yarda da yadda ake yawan maganar kai wa yaran talakawa fasaha, kamar dai hatsi ne da za a loda a mota a raba wa waɗanda ba su da shi. Yaron nan yana da fasaha a hannunsa, wadda ta ƙunshi lissafin siffofi da haɗa launi da haƙurin zama, kuma ya gaje ta daga jerin malamai da ya fi kowace makarantar boko a ƙasar nan daɗewa. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa cewa abin da yake yi yana da suna da tarihi da kasuwa, da kuma hanyar da za ta kai shi daga allon sauka zuwa zanen tufafi ko adon gini ko aikin kwamfuta idan ya so. Babu wata takardar shaida a ƙasar nan da na sani yana iya nunawa da ke cewa ya iya zayyana. A lissafin hukuma yana cikin yara miliyan 10.5 da UNICEF ta daɗe tana cewa ba sa zuwa makaranta a Najeriya, wato ana ƙirga shi ne da abin da ba shi da shi kawai.

Alhamis ta biyu muka je Ƙofar Mata, inda marina suke cewa tun 1498 ake rini a wurin. Nan ba a buƙatar gilashi ko takardar bayani. Wani dattijo da hannuwansa suka rine har gwiwar hannu ya zaunar da yaran a bakin rijiya, ya nuna musu yadda ake haɗa baba da toka da ruwa a bar su su yi kwanaki, ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago shi yana kore-kore, yara suna kallo iska ta mayar da shi shuɗi a gaban idonsu. Wani ƙarami ya ce sihiri ne, dattijon ya yi dariya ya ce, "Jikana, ba sihiri ba ne, iska ce take ƙarasa aikin, shi ya sa muke ɗagawa muna mayarwa." Malamin kimiyya zai iya cinye mako guda yana bayanin wannan a aji. Da na tambaye shi ko 'ya'yansa suna sana'ar, sai ya waiwaya ya nuna mini rijiyoyin da suka bushe, waɗanda suka fi masu ruwa yawa, ya ce samari sun fi son Keke Napep, domin kuɗinsa na yau ne. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya tarar da tufafin Kano rinannu suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Yau ga gwanaye suna tsufa ba magada, ga dubban yara suna yawo ba sana'a, kuma tsakaninsu bai wuce tsallaka titi ba.

Haɗa su ba sabon tunani ba ne. Makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu inda gwanayen gari suke koyarwa, duk da cewa manufar mulkin mallaka ce ta kafa ta, kuma ta ware 'ya'yan sarakuna daban da na talakawa. Misalin da ya fi burge ni yana Yamai. Gidan tarihin ƙasar Nijar, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ba ɗakunan ajiya kawai ba ne. A cikin harabarsa akwai namun daji da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe da busasshiyar bishiyar Tenere, akwai rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban jama'a suna sayarwa, sannan akwai cibiyar da ke koya wa matasan da suka bar makaranta sana'a. Yaron da ya shiga don ganin zaki yana iya fitowa ya ga yadda ake ƙera azurfa. Waɗanda suka tsara wurin sun fahimci cewa talaka yana shiga inda ya ga irinsa suna aiki.

Akwai inda na gaza, kuma ya kamata in faɗa. Har yanzu ban iya fitar da yara mata ko sau ɗaya ba, ban da ɗalibai shida da wata malama abokiyar aikina ta raka. Yarinyar da ta ce badala tudu ce tana cikin waɗanda aka hana, domin ranar da muka sa ita ce ranar da take kai wa mahaifiyarta hulunan da suka ɗinka kasuwa. Na ga ɗaya daga cikin hulunan, aikin allura ne da zai ɗauki makonni, kuma ita da yayarta suka yi shi a tsakar gida. Su ma ashe fasahar tana hannunsu, amma kuɗin da ake biyansu bai kai rabin wahalar ba, kuma sunan mai shago ne ke tafiya da hular. Ga 'yan mata, ina ganin gidan tarihi ne zai je wurinsu, ta hanyar makarantun Islamiyya na unguwa da malamai mata, da akwati ɗaya na kayan da za a iya taɓawa: mazari da abawa, da faifai, da ƙwarya mai zane, da tsohon zane saƙi, tare da tsohuwar da ta san sunan kowane.

Tsoron iyaye da malamai ma ba abin rainawa ba ne. Da yawa idan suka ji kalmar al'adu, kiɗa da rawa da bori ne ke zuwa musu a rai, idan suka ji zane sai su tuna hukuncin zana mai rai, idan kuma aka ambaci dutsen Dala sai su tuna Barbushe da abin bautarsa Tsumburbura. Wanda ya zo da shirin da aka tsara a Abuja ko a Turai, ya fara da wasan kwaikwayo da ganga, zai tarar da ƙofa a rufe, sannan ya koma ya rubuta rahoto cewa mutanen nan ba sa son ci gaba. Da zayyana da rubutun ajami da gini da rini da ɗinki aka fara, da babu malamin da zai ce a'a, domin duk cikin gidansa suke. Labarin Dala kuwa ana iya ba da shi yadda malamanmu suka saba, a matsayin abin da aka tarar kafin zuwan Musulunci, kuma sanin inda aka fito ba komawa can ba ne. Gardin da Alaramma ya haɗa ni da shi shi ne ya fi kowa tambaya a Gidan Makama, kuma labarin da ya kai ne ya sa aka ƙara mini yara a fita ta biyu ba tare da na roƙa ba.

A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sanya hawan sallar Kano a jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, aka yi ta murna a rediyo. Na yi murna nima, amma na tuna cewa kowane doki da ke wucewa a Hawan Daushe yana ɗauke da aikin mutum goma ko fiye: mai sirdi, da maƙerin linzami da likkafa, da baduku, da mai ɗinkin alkyabba, da marinin rawani. Idan waɗannan suka ƙare babu magada, abin da zai rage shi ne kayan roba daga waje a kan dawakai. A 2023 an kafa hukumar ƙasa ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, a 2024 kuma gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Abin da nake roƙon waɗannan hukumomi bai kai kuɗin ginin aji ɗaya ba: a ware Alhamis a gidajen tarihi don tsangayu, da jagora mai jin Hausa da abin karyawa, a rubuta bayanin kaya da Hausar boko da ajami, a kuma ɗauki gwanayen rini da gini da dukanci a biya su alawus su riƙa shiga makarantun gwamnati a matsayin malamai, ba a matsayin abin kallo ba.

Makonni uku bayan fitarmu ta farko, yaron nan na Jigawa ya zo darasin dare da wani abu a naɗe cikin tsohuwar jarida. Ƙaramin allo ne, ya zana taswirar badala a kansa da tawada baƙa da ja, ya sa ƙofofin da ya sani kowace da sunanta da ajami, ya kewaye gefen da zayyana. Ya sa Ƙofar Nassarawa a inda Ƙofar Mata ya kamata ta kasance, na nuna masa, ya ce zai wanke ya sake. Na hana shi, na karɓi allon a yadda yake na kai ajina, na jingina shi a gaban allon bango, na ce wa ɗalibaina su nemo kuskuren da ke ciki. Yarinyar nan mai huluna ce ta fara gano shi, domin ta Ƙofar Mata take bi idan za ta kasuwa.